Huhun Ma'ahu

 

Yau zancenmu na goro ne. Kun san garin Anyama, arewa da Abijan, inda fatake su ke zuwa sari. A can a kan ɗaure huhu da ganye ɗanye, a ja igiya tamau. Wanda ya gan shi a bakin mota sai ya ce dukiya ke nan. Amma tsohon falke ba ya biyan kuɗi saboda kyan ɗauri. Ya kan kwance, ya tura hannu har ƙasa, gama ya san a kan jera marsa a bisa, a ɓoye minu a gindi. Ya ɗauki ɗaya ja wur, ya ɓare. Ashe sankara ta shiga ta wata 'yar ƙofa kamar ta allura, ta cinye cikin. Ba banza ba ne mutanenmu su ke cewa huhun ma'ahu.

To, ɗan'uwana, kai fa? Rigarka ta sha bugu, gaisuwarka da daɗi, kowa ya na ce maka mutumin kirki. Amma mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Mudun nan da ka buga wa gindi, da amanar da ka ci, da ƙiyayyar da ka ke riƙe da ita a kan maƙwabcinka, duk su na ciki su na cinka.

Littafi Mai Tsarki ya ba mu labari. Allah ya aiki annabi Sama'ila Baitalami, gidan Yesse, domin ya zaɓi sarki. Da ya ga Eliyab, dogo kyakkyawa, sai ya yi tsammani shi ne. Allah ya ƙi. 'Ya'ya 7 suka wuce, ba a ɗauki ko ɗaya ba, sai da aka kirawo autan, Dawuda, daga wurin kiwo. Annabi ya dubi tsawo, Allah kuwa zuciya ya ke dubawa.

Ran shari'a za a kwance kowane huhu. Goro mai sankara ba shi da magani, sai a tsince a yar. Amma mutum ya na da magani. Yesu Almasihu ya san abin da ke cikinka sarai, duk da haka ya mutu dominka, ya tashi, ya na kuwa iya ba ka sabuwar zuciya. Kada ka jira a kwance ka. Ka buɗe masa da kanka yau, kafin ka fita kasuwa.

Allah ya ba mu alheri. Amin.