Motar da Ta Ƙi Mutuwa a Danja

 

Ƙorafi iri biyu ake kawo mini a kan motocin nan na zamani, kuma ɗaya kishiyar ɗaya ne. Na farko, mutum ya sayo mota Beljiyam daga Legas, ya hau Hawan Kibo lafiya, ya shigo Jos, cunkoso ya tsayar da shi a Terminus, sai inji ya yi tsit. Gabansa ya faɗi, ya ce an sayar masa da gawa. Yana ɗaga ƙafa daga birki kuma sai ta tashi da kanta. Na biyu yakan zo bayan wata shida, fuska a sake, ya ce mini wancan ciwon na mutuwa a danja ya warke ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Na farkon lafiyar motarsa ƙalau. Na biyun nake ji wa tsoro, domin motarsa ta fara ba shi labarin batirinsa, shi kuwa ya ɗauka albishir ne.

Wannan dabara ta kashe inji idan mota ta tsaya, a kunna shi idan za ta tafi, bari mu kira ta kashe-kunna. Ta daɗe a duniya. Toyota ta gwada ta a motar Crown a 1974, bayan tsadar mai ta 1973. Fiat da Volkswagen sun gwada a farkon shekarun 1980, masu saye ba su yi maraba da ita ba. Abin da ya yaɗa ta shi ne dokar Tarayyar Turai ta 2009 da ta ƙayyade hayaƙin da sababbin motoci za su fitar. Daga nan kamfanoni suka yi ta saka ta, kuma waɗannan motocin ne yanzu suka tsufa a can suke isowa gare mu. Da fetur yana ƙasa da naira 200, wa ya damu da abin da inji ke sha yana silo? Daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, har lita ta haura naira 1,000 a 2024, kowa ya zama malamin lissafi.

To, kafin mota ta kashe injinta, ƙwaƙwalwarta, wadda iyayen gidanmu makanikai ke kira biren-bos, takan yi wa kanta tambayoyi. Inji ya yi zafi? Direba ya ɗaura bel? Ƙofa da bonet a rufe suke? A kan gangara muke? Wannan ta ƙarshe mutanen Jos za su riƙa cin karo da ita, garinmu ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Amma tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: idan na kashe injin nan, wutar da ta rage a batir za ta ɗauki nauyin duk abin da ke kunne, ta kuma rage abin da zai tayar da ni? In amsar ta zo da kokwanto, ba za ta kashe ba. A wasu motocin za ku ga harafin A a dashbod an ja masa layi, ko ya ƙi zama kore. Ba lalacewa ba ce. Mota ce ta duba aljihunta ta ga ba za ta iya ba.

Bari mu yi lissafin tare, domin a nan mutane da yawa suke kuskure. In inji yana aiki, altaneta ce ke ciyar da komai, tana kuma zuba wa batir caji a kan bolt 14 ko kusa da haka. Da zarar inji ya tsaya, altaneta ta tsaya, duk iyalin gidan sun koma wuyan batir shi kaɗai. Ku ɗauki wani yammaci na watan Agusta, ana tsuga ruwan nan namu, kuna Farin Gada. Fitilun gaba biyu, kowace wat 55, wat 110 ke nan. Fankar da ke busa iska a gilashi don kada ya yi hazo, in an ƙure ta, tana iya cin wat 200. Wayoyin nan sirara da ke ɗumama gilashin baya su ma wajen wat 150 ne. Ga waifa, ga fitilun baya, ga rediyo, ga wayoyi biyu a caji, ga kwamfutocin motar kansu. Cikin sauƙi an kai wat 500 zuwa 600. A raba da bolt 12, za a sami amfiya 40 zuwa 50 suna fita daga batir ba ƙaƙƙautawa.

Yanzu ku kwatanta da kik, wato na'urar tayar da inji. Kik yana jan wuta mai yawa, amfiya 200 ko fiye, amma na daƙiƙa ɗaya ne ko ƙasa da haka idan inji da zafinsa. Amfiya 45 sau daƙiƙa 60 ya ba da 2,700. Amfiya 200 sau daƙiƙa ɗaya ya ba da 200. Wato minti ɗaya na jira da kaya a kunne ya cinye abin da zai tayar da motar fiye da sau goma. Yawancinmu muna tausaya wa batir saboda yawan tayarwa, alhali zaman jiran ne ke tatsarsa. Shi ya sa mota ɗaya, batir ɗaya, da rana tsaka za ta yi shiru a danja har a ba da hannu, da daddare cikin ruwa kuwa ko dai ta ƙi kashewa, ko ta kashe ta sake tashi bayan 'yan daƙiƙu kuna tsaye.

Na'urar sanyaya ɗaki tana da nata labarin. A yawancin motoci bel ɗin inji ne ke juya kwamfiresa. Inji ya tsaya, sanyi ya tsaya, fanka kawai ke busawa. Idan kun ƙure sanyi, ko kun danna maɓallin share hazon gilashi, motar takan fifita ganin hanyarku a kan tsimin mai, ta bar inji yana aiki. Mu a Jos mun ɗan tsira daga ƙure sanyi, amma hazon gilashi abokin zamanmu ne daga Afrilu zuwa Oktoba.

Wannan gefen fitar wuta ke nan. Gefen shigarta ya fi wahala. Batirin dalma da ruwan asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, har yau shi muke amfani da shi, kuma halinsa bai sauya ba: yana bayarwa da sauri, yana karɓa a hankali. In ya yi sanyi ko ya tsufa, karɓar tasa ta ƙara raguwa. To ku dubi yadda muke tuƙi. Mutum ya tashi daga Unguwar Rogo da safiyar hunturu, ya sauke yara a makaranta, ya wuce Terminus, ya kashe mota. Tafiyar minti goma ko sha biyar, rabinta a cunkoso. Da yamma ya maimaita da fitila a kunne. Kullum batir yana fitar da fiye da abin da aka mayar masa, kamar ɗan tireda da ke cin uwar kuɗi yana ganin ciniki na tafiya. In batir ya daɗe bai cika ba, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantan dalmar, ya rage wurin da caji zai zauna, kuma in ya yi tauri ba ya komawa.

A kan sanyin Jos ina so in yi adalci, don muna yawan ɗora masa laifin da ba nasa ba. Muna sama da teku da kimanin mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu dare yakan sauko kusa da digiri 10. Wannan bai kai ya kashe lafiyayyen batir ba. Lambar ƙarfin tayarwa da ake rubutawa a jikin batir, a digiri 18 ƙasa da sifili ake auna ta, sanyin da ba mu taɓa gani ba. Zafi shi ne ke cin ran batir, ku tambayi mutanen Sakkwato da Maiduguri. Sanyinmu tonon asiri kawai yake yi: batirin da ya riga ya raunana, hunturu ne zai fallasa shi. Kuma makonni kafin safiyar da za ku murɗa makulli ku ji ƙas-ƙas, kashe-kunna ya riga ya daina aiki.

Saboda wannan wahala ta cika-da-zubarwa, motocin nan ba sa zuwa da batir na gama-gari. Iri biyu ake saka musu. Akwai EFB, mai ruwa ne amma an ƙarfafa farantansa. Akwai AGM, wanda ruwansa ke tsotse cikin wata auduga ta zaren gilashi, a rufe yake ruf, ba a buɗe shi, ba a ƙara masa ruwa. AGM ya fi juriya, ya fi tsada, ba ya son zafi, shi ya sa a motoci da yawa irin BMW za ku same shi a but, nesa da inji. Abin da ke faruwa a wurinmu kun sani. Mota ta yi makonni a jirgi, ta yi wasu a tashar Legas, ta yi watanni a filin dillali ba a tayar da ita. Batirinta na asali ya mutu, aka samo na gama-gari mai girman da ya shiga ramin, aka ɗaura. Zai tayar da mota, ba shakka. Amma an ƙera shi ne ya tayar sau kaɗan a rana ya zauna a cike, ba a yi ta kwasarsa a kowace mahada ba. Ƙa'idar gajeriya ce: inda aka cire AGM, AGM za a mayar. Inda aka cire EFB, kada a sauka ƙasa da EFB.

Yanzu ga abin da na fi so 'yan rewaya su tafi da shi. Ku duba kan batir na baƙar waya. Za ku ga wani ɗan akwati manne da shi, da siririyar waya. Wannan shi ne akawun batir. Yana auna wutar da ta shiga, da wadda ta fita, da zafin batirin, ya kai wa biren-bos rahoto. Duk abin da aka jona kai tsaye a kan batir, aka tsallake shi, bai shiga littafi ba. Na taɓa kai motata wani gareji a nan garin a saka mini ƙarin lasifika. Yaron ya yi aiki mai tsabta, sai dai ya ɗaure baƙar wayar amfilifaya a kan batir ɗin kansa. Wata biyu motar tana ɗauka tana da cajin da ba ta da shi, tana kashe inji hankali kwance, har ranar da ta kashe a titin Bauchi ta ƙi tashi, masu Keke suna yi mini hon ta ko'ina. Laifina ne ma, da ido na gan shi yana yi ban tanka ba. Baƙar waya, ko ta kayan ƙari, ko ta caja, ko ta jona mota da mota, a jikin ƙarfen mota ake kama ta, don wutar ta bi ta hannun akawu.

Haka kuma idan an sauya batir. Motoci da yawa, musamman na Jamus, sai an sa kwamfuta an gaya musu an saka sabo, da irinsa da girmansa. In ba a yi ba, za su ci gaba da yi masa cajin da suke yi wa tsohon, su gajarta masa kwana. Wasu kuma bayan an cire kan batir an mayar, sai motar ta kwana a kulle na wasu sa'o'i kafin akawun ya sake gane matsayin cajin. Masu cire kan batir kowane dare don tsoron ɓarayi, da masu ara wa janareto batirin mota, ga dalilin da ya sa naku kashe-kunnan ba ya aiki. Ita kuwa tsohuwar al'adar nan ta zare kan batir inji yana aiki don a gwada altaneta, don Allah a bar wa Peugeot 504 ita. A motar da ke cike da kwamfutoci, tsallen wutar da zai biyo baya yana iya ƙona abin da ya fi batir goma tsada.

Za ku ce, to duk wannan ɗawainiya, ribar nawa ce? Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta yi gwaji a 2014 ta sami tsimin mai na kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari a tuƙin cikin gari. Ga wanda kullum yake kan hanyar Jos zuwa Abuja, kusan babu riba, tunda ba ya tsayawa. Ga mai yini tsakanin Terminus da Bukuru, akwai. Ban ga laifin wanda ya danna maɓalli ya kashe tsarin a cunkoson da ake matsawa taku-taku ba, ni ma ina yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a zare wayar akawun don a huta gaba ɗaya, domin a motoci da yawa da rahotonsa ake tsara cajin altaneta.

Gobe da safe, kafin ku tayar da mota, ku sa mita a kan batir. In kun ga bolt 12.6 ko sama, a cike yake. 12.4, ya sauka zuwa wajen kashi uku cikin huɗu, kuma daga nan ne motoci da yawa ke fara ƙin kashewa. 12.2, rabi ne. In ya kai 12.0, a kai shi caji ranar, da caja mai saitin AGM in irinsa ne, don wutar da ta wuce kima tana busar da shi. Sai dai mita tana nuna cikar batir ne kawai, ba ta nuna girman abin da ya rage na cikinsa. Tsohon batir yana iya nuna 12.6 da safe, a kunna fitila minti biyu ya zube. Wannan sai na'urar gwaji mai ɗora masa nauyi, kuma masu sayar da batir da dama a garin nan suna da ita. Ku nemi a gwada a gabanku, ku karanta lambar da idonku, ku kwatanta ta da wadda ke rubuce a jikin batirin.