Wa Ke Riƙe da Makarantun Karkara a Amurka?

 Abin da muke so mu tattauna a yau shi ne yadda mutanen Amurka ke tafiyar da makarantun gwamnati a ƙauyuka da ƙananan garuruwa.

Tsarin mulkin Amurka bai ambaci ilmi ba, saboda haka al'amarin ya faɗa hannun jihohi. Su kuma jihohin, ban da Hawaii, sai suka rarraba ƙasarsu gunduma-gunduma. Kowace gundumar makarantu tana da hukumarta, wadda galibi mutanen wurin ne ke zaɓen wakilanta. Ita ke ɗaukar malamai, ita ke tsara kasafin kuɗi. Wannan tsari yana da tushe mai nisa, domin tun cikin 1785 aka yi doka cewa a sababbin ƙasashen yamma, kowane yanki a raba shi kashi 36, a keɓe kashi na 16 don amfanin makaranta.

A wajen 1917 akwai makarantu masu malami guda kusan 200,000, inda malami ɗaya ke karantar da yara manya da ƙanana a ɗaki ɗaya. Da hanyoyi suka gyaru, motocin ɗaukar yara suka yawaita, sai masana suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a haɗe ƙananan gundumomi. A 1940 akwai gundumomi kimanin 117,000. Ya zuwa 1970 sun ragu zuwa wajen 18,000, yanzu kuwa sun ɗan haura 13,000.

Haɗewar ta yi amfani, don kuwa ɗan manomi ya sami ɗakin gwaje-gwajen kimiyya da ƙwararrun malamai. Amma ta zo da hasara. Yara sukan daɗe a mota safe da yamma, iyaye sun yi nisa da masu yanke shawara, garin da aka rufe makarantarsa kuma yakan rasa wurin taruwarsa da ayyukan yi.

Babbar matsalar ita ce kuɗi. Gwamnatin tarayya takan ba da wajen kashi ɗaya cikin goma ne kawai. Sauran daga jiha yake fitowa da kuma harajin gidaje da filaye na gundumar kanta. Watau inda dukiya ta yi ƙaranci, makaranta ma sai ta talauce. A 1973 Kotun Ƙoli ta Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta yanke cewa wannan bambanci bai saɓa wa tsarin mulkin tarayya ba. Mutanen karkara ba su karaya ba. A jihar Kentucky gundumomi 66, yawancinsu matalauta na ƙauye, suka kai ƙara, kuma a 1989 babbar kotun jihar ta ce tsarin makarantun gaba ɗaya ya saɓa wa tsarin mulkin jihar. A 1990 majalisa ta yi sabuwar doka, aka ƙara wa gundumomi matalauta kaso. Duk da haka, har yanzu samun malamai yana yi wa karkara wuya, har wasu gundumomi a Colorado da Missouri suka mai da karatu kwana huɗu a mako.

'Yan'uwa, mu ma a Nijeriya muna da hukumar ilmi a kowace ƙaramar hukuma, sai dai naɗa sakatarenta ake yi, ba zaɓe ba. Da yawa daga cikinmu makarantar ƙauye muka fito, wasunmu kuma gobe su ne za su zauna a waɗannan ofisoshi. In ranar ta zo, lalle ne mu tabbata iyaye suna da bakin magana a kan makarantar garinsu, kuma kason ɗan ƙauye bai gaza na ɗan birni ba.