Jawabi ga Malaman Reshen Shanono: Daga Aji Zuwa Sararin Samaniya



A shekarar 1925 jirgin sama ya fara sauka a ƙasar nan, a Kanonmu kuwa ya sauka. Amma sai da aka haura shekara 50 kafin a sami 'yar Nijeriya mai lasisin tuƙa jirgin fasinja. Ita ce Chinyere Kalu, wadda ta shiga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya a 1978. Ta ƙware, ta koyar a can, har a 2011 aka naɗa ta shugabar kwalejin.

Zariya ba ta yi mana nisa ba. Abin da ke nesanta 'ya'yanmu mata da ita shi ne farantin talla ranar kasuwa, da raɗe-raɗin cewa lissafi ba na mata ba ne. Alhali tuƙin jirgi lissafi ne da kimiyya da Turanci, tushensu kuwa yana hannunmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka duk yarinyar da kujerarta ta kwana uku wayam, mu taka har ƙofar gidansu, mu zauna da mahaifinta cikin ladabi.

Allah Ya yi mana jagora.