A Karanta Kafin A Aika: Jawabi A Babban Taron Ƙungiya Na Shekara



Da yawa daga cikinmu sun riski zamanin da ɗan garinmu mazaunin Legas ko Kumasi, in ransa ya ɓaci da wani a gida, sai ya je wurin marubucin wasiƙa a bakin gidan waya, ya sayi ambulan da kan sarki. Kafin a gama wannan hidima, sau da yawa zuciya ta huce. Wani lokaci ma marubucin ne ke sassauta kalmomin ba tare da an sa shi ba. Wannan jinkiri ya raya zumunci mai yawa, ko da yake ba wanda ya taɓa gode masa. Tun da wayar GSM ta shigo Nijeriya a 2001, intanet kuma ta bazu, jinkirin ya kau. Tsakanin fushi da aikawa yanzu ɗan yatsa ne kawai.

Magana zarar bunu ce, in ji magabata, to amma wadda aka rubuta ta fi muni, domin ba ta bin iska. Gmail na ba mutum daƙiƙa 30 ne, iyaka, ya janye imel ɗin da ya tura. WhatsApp na barin a goge saƙo, amma wa zai goge hotonsa da wani ya riga ya ɗauka ya adana? Ga kuma kuskuren da ya zama ruwan dare: amsar da aka yi nufin sakatare shi kaɗai ya gani, sai a tura wa kowa da kowa.

Wanda ya tura saƙon da ba shi ya rubuta ba, shi ma yana da alhaki. Mu tuna watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, da aka tashe mu cikin dare cewa a sha ruwan gishiri, a yi wanka da shi. Aƙalla mutum biyu suka rasu, wasu aka kwantar a asibiti. Galibin masu turawa ba mugaye ba ne. Ƙauna ce ta sa su, ba tare da bincike ba.

Hukuma ma ba ta yi shiru ba. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗauri ko tara ga mai yaɗa ƙarya da gangan don tada fitina. Ɓata suna kuwa laifi ne tun tuni a kundin Penal Code.

Sai dai abin da ya fi damunmu shi ne gida. Ƙungiya irin tamu ba ta da jari sai amana. Layi biyu na zargi a kan kuɗin rijiyar burtsatse ko na tallafin ɗalibai, in sun isa rassa kafin ma'aji ya buɗe littafi, sun isa su sa masu ba da gudummawa su janye hannu, ko da daga baya an wanke shi. Bayanin wankewa bai cika yin nisan da zargi ya yi ba. Tambayar ina kuɗi suka shiga haƙƙin kowane mamba ne, ba mu ce a daina ba. Wurinta ne muke magana a kai.

Saboda haka muna gabatar wa wannan taro shawarar cewa duk ƙorafin da ya shafi kuɗi ko mutuncin wani a miƙa shi a rubuce ga kwamitin bincike, kwamitin kuma ya ba da amsa cikin mako biyu. Saƙon da aka rubuta cikin fushi kuwa a bar shi ya kwana, a sake karanta shi da safe, a duba sunayen waɗanda za a tura wa. Muna roƙon shugaban taro ya sanya wannan cikin ajanda.