Iska Ce Ko Shekaru Ne? Bori Da Matan Da Al'ada Ta Fara Ɗauke Musu

  

Ina neman afuwa tun da farko, domin mas'alar da zan yi magana a kanta tana da nauyi a bakin ɗa irina, alhali a cikinku akwai waɗanda suka haifi sa'o'ina. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne yabon da Uwar Muminai A'isha (R.A.) ta yi wa matan Ansar, cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba.

Ina da wata gwaggo da ta yi renona. Tana da shekara 48 lokacin da abin ya fara. A tsakiyar hunturu, kowa na jan bargo, ita kuwa sai ta farka cikin dare sharkaf da gumi, wani zafi ya taso mata daga ƙirji ya haye wuya da fuska, gabanta na faɗuwa. Barci ya ƙaurace mata. Mace mai haƙuri ta koma mai saurin fushi, wani lokaci ta zauna ta yi ta kuka ba ta san dalili ba. Al'adarta ta rikice, ta zo wannan wata, ta tsallake biyu. Maƙwabta suka taru suka yanke hukunci cewa Doguwa ce ta shafe ta, ta bi ta ƙarƙashin tsamiya da magariba. Aka kai ta wajen mai girka. Ta sayar da tumakinta biyu da 'yan kunnen zinariyar da ta daɗe tana adanawa. Ta dawo da layu da turare da sharuɗɗa, zafin daren kuwa yana nan inda ta bar shi. Sai bayan kusan shekara aka kai ta asibiti saboda ciwon kai, wata ma'aikaciyar jinya ta saurare ta, ta ce mata: "Hajiya, ai al'ada ce za ta ɗauke miki, amma kuma kina da hawan jini, shi ne abin tsoro." Shekara guda hawan jini yana cin ta ana yanka wa iska zakara.

Abin da likitoci suka tabbatar shi ne, yawancin mata al'ada tana ɗauke musu tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma ba a cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 a jere ba a ga jini ba. Kafin nan akwai shekaru na rikicewa. Dalili kuwa, wurin da ƙwayayen haihuwa suke a jikin mace yana fitar da wani sinadari mai suna istirojin, to idan shekaru suka ja sai ya riƙa raguwa, yau ya hau gobe ya sauka. Sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita zafin jiki yana jin wannan canji, sai ya riƙa ɗaukar jiki ya yi zafi alhali bai yi ba, ya buɗe hanyoyin jini na fata, ya saki gumi. Wannan ita ce “wutar” da ake cewa aljani ya hura. Daga nan ne kuma ake samun bugun zuciya, da rashin barci, da mantuwa, da ciwon gaɓoɓi, da bushewar gaba wadda ke sa mace ta guji shimfiɗar mijinta, sai a ce ai namijin dare ne ya aure ta. Ƙashi ma yana yin gautsi bayan wannan lokaci.

Alƙur'ani bai ɗauki wannan hali a matsayin cuta ba. A Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 4, Allah Ya ambaci matan da suka yanke tsammani daga haila, Ya sanya iddarsu wata uku. A Suratun Nur, aya ta 60, Ya ambaci tsofaffin mata da suka zauna ga barin haihuwa, Ya sassauta musu a wajen tufafi. Abin da Shari'a ta ajiye wa hukunci na musamman saboda kowace mace mai tsawon rai za ta riske shi, yaya za a yi a ce shafar iska ce?

Mu duba shi borin kansa. 'Yan bori suna kiran wanda iska ke hawa doki, mace kuma goɗiya. Suna da iskoki masu suna, kowane da takensa da tufarsa da dabbar da ake yanka masa: Inna ko Doguwa, da Sarkin Rafi, da Ɗan Galadima, da Kuturu, har da wani wai shi Malam Alhaji mai carbi da tari, kuma suna cewa birninsu Jangare. Ana kiransu da garaya ko goge, a cikin gidaje kuma da kiɗan ƙwarya. Girka kuwa, ku lura da kyau, ba korar iska ake yi a cikinta ba. Sulhu ake ƙullawa tsakanin mace da iskar, a keɓe ta kwana da kwanaki ana ba ta jiƙe-jiƙe, a yi yanka, ta fito ta zama mai hidima gare ta har mutuwa. Kowace shekara da buƙatar da za a kawo mata.

Wannan abu ba namu ne mu kaɗai ba. A Sudan da Masar da Habasha akwai zar, a Tunis akwai istambali wanda bayin da aka kai daga ƙasashenmu suka tafi da asalinsa. Turawa sun ɗauko kalmar shaman daga mutanen Saiberiya suna kiran duk mai da'awar hulɗa da ruhohi domin warkarwa. Abin mamaki, a Amurka da Turai an wayi gari mata masu ilimin boko, waɗanda suka kai irin waɗannan shekaru, suna biyan kuɗi masu yawa a kaɗa musu ganga, wasu har su tafi ƙasar Feru su sha wani jiƙo mai gusar da hankali da ake kira ayawaska, suna cewa komawa ga ɗabi'a ne. Girka ce aka sa wa sabuwar riga, kuma ta waya tana iso wa 'ya'yanmu.

Hukuncin a fili yake. Muna imani da samuwar aljanu domin Alƙur'ani ya tabbatar da su, amma a Suratul Jinn, aya ta 6, an ba mu labarin mutanen da suke neman tsari da aljanu, cewa babu abin da suka ƙaru da shi sai wahala da ɓata. Imam Muslim ya ruwaito daga Aliyu (R.A.) cewa Annabi (S.A.W.) ya la'anci wanda ya yi yanka domin wanin Allah. Ya kuma ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ba har kwana arba'in. Yanka ibada ce, neman tsari ibada ne, bakance ibada ce, juyar da ɗayansu ga wanin Allah shirka ce, ko da mai yin ta yana salla, ko da an fara girkar da bismilla.

Amma 'yan'uwa, idan muka tsaya a hukunci muka naɗe tabarma, ba mu yi adalci ba. Me ya sa matan suke zuwa? Wani Bature mai nazarin al'adu, I. M. Lewis, ya lura a littafinsa na 1971 cewa irin wannan hawan iska ya fi yawa a tsakanin matan da ba su da bakin faɗa a gidajensu, sai iska ta faɗi abin da su ba su isa su faɗa ba. Ba mu karɓi duk abin da ya ce ba, amma a nan ya taɓo gaskiya. Mace ta shekara 30 a gidanka, ta haifa maka takwas, ta binne uku. Daidai lokacin da jikinta ya rikice, 'ya'ya suka watse, a lokacin ne za ka ga ya dace ka ƙaro yarinya sa'ar 'yarta, ka ɗauke ƙafa daga ɗakinta, ka ce ai ta zama uwa. Ƙarin aure halal ne, ba ni da ja. Zalunci a rabon kwana da ciyarwa haram ne, kuma shi ba a cika yi mana wa'azinsa ba. To wannan baiwar Allah ta je inda za a zaunar da ita, a tambaye ta me ke damunta, a saya mata sabon zane da turare da sunan iska ce ta nema. Mu ne muka bar ƙofar a buɗe.

Magabatanmu sun gane wannan. A Gobir kafin jihadi, Inna ita ce shugabar bori, mace mai faɗa a ji a fada. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ba ta tsaya ga haramtawa ba. Ta kafa 'Yan Taru, ta zaɓi dattawan mata ta naɗa su jajis, ta sa musu malfa da jan rawani, suna tafiya ƙauyuka suna karantar da mata. A 1839 kuma ta rubuta Tabshirul Ikhwan a kan neman waraka da Alƙur'ani. Matan da suka wuce haihuwa, waɗanda bori ke farauta, su ta mayar malamai. Mu kuwa a makarantunmu na matan aure, nawa ne daga malamai mata suka haura 50?

Dole kuma in juyo kanmu. Ruƙiyya ta halatta matuƙar babu shirka a cikinta, kamar yadda ya zo a hadisin Aufu ɗan Malik. Sai dai an samu wasu sun mayar da ita kasuwa. Duk macen da aka kawo musu aljani ne da ita, su keɓe da ita ba muharrami, su shaƙe ta da hayaƙi, su dake ta, su zauna suna hira da aljanin suna tambayarsa wa ya turo shi, ya ce kishiya, su gaskata shi, gida ya kama da wuta. Wanda ya gaskata labarin aljani a kan Musulma, me ya raba shi da mai garaya ban da rawani? Ku tuna matar nan mai farfaɗiya da ta zo wa Annabi (S.A.W.), a hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari da Muslim. Bai dake ta ba, bai tambayi wa ya yi mata ba. Ya ba ta zaɓi tsakanin addu'a da haƙuri mai kai wa Aljanna, ta zaɓi haƙuri, ta roƙi ya yi mata addu'a kada tsiraicinta ya riƙa bayyana, ya yi mata. Mafi alherin ruƙiyya, iyayena, ita ce wadda za ku yi wa kanku: Fatiha, da Ayatul Kursiyyu, da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, da zikirin safiya da maraice. Ba ta da kuɗin kafin alƙalami.

Game da maganin gargajiya, ba mu hana shi ba, Musulunci ya raba sassaƙe da tsafi. Zuma an ambace ta a Suratun Nahl, habbatus sauda ta zo a hadisi ingantacce, A'isha kuma takan yi umurni da talbina, wato kunun sha'ir, ga mara lafiya da mai baƙin ciki. Nono da zogale da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu suna taimakon ƙashi, haka tafiyar ƙafa. Rage gishiri da dunƙulen miya yana taimakon mai hawan jini. Amma kada a ce tunda daga ƙasa abu ya fito ba ya cutarwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da kwanciya a kan gado mai wuta. Ballantana robobin da ake tallarsu a mota da lasifika, ko a Facebook, magani ɗaya wai yana warkar da cuta goma, ba a san abin da ke ciki ba. A asibiti akwai maganin da ke mayar da sinadarin da ya ragu, yana rage zafin sosai, amma bai dace da kowace mace ba, likita ne zai duba. A auna jini, a auna suga, domin su ma alamunsu kan yi kama da waɗannan.

Saura mas'alar salla, wadda aka fi aiko mini da tambaya a kanta. A wajen malaman Malikiyya, jinin da mace ta gani kafin shekara 50 haila ce, daga 50 zuwa 70 a tambayi mata masana, idan ta kai 70 ba haila ba ce. Shaikhul Islam Ibn Taimiyya yana ganin babu wata iyaka ta shekaru, abin lura shi ne jinin da kansa. Mai al'ada idan jini ya zarce kwanakinta, a mazhabar Malik za ta ƙara kwana uku, muddin ba ta wuce 15 ba, sa'an nan ta yi wanka ta yi salla, abin da ya biyo baya jinin ciwo ne. Wadda aka saka kuma al'ada ta ɗauke mata ba ta san dalili ba, kada ta yi gaggawar lissafa wata uku, domin a Muwaɗɗa an ruwaito hukuncin Umar (R.A.) cewa ta jira wata tara, idan ciki bai bayyana ba ta ƙara uku. Mace tana iya ɗaukar ciki a shekarun rikicewar nan.

Abu ɗaya nake roƙon kada a manta da shi. Wadda ta cika shekara guda ba ta ga jini ba, sa'an nan ya dawo, ko da ɗigo ne, kada ta tsaya tambayar malam ko haila ce, kada ta yarda a ce mata iska ce ta sha jininta. Ta tafi asibiti a wannan mako, domin yana iya zama alamar sankarar mahaifa, wadda ake iya maganinta idan an kama ta da wuri. Kai kuma maigida, kai za ka kai ta, kuɗin motar da na gwaji suna cikin ciyarwar da aka wajabta maka.

Waɗanda suke da tambayar da suke jin nauyin faɗa, su rubuta a takarda ba tare da suna ba, su ba malama, za mu amsa bayan sallar La'asar in Allah Ya so. Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya gafarta mana kurakuranmu.