Shari'ar Ogiek da takardun da ke hannunmu
(Jawabin da aka yi a taron 'yan gudun hijira, unguwar Madagaskar kusa da Birkitari, Yawunde)



Da yawa daga cikinku makiyaya ne da suka baro Afirka ta Tsakiya, kuma tambayar da kuke yawan kawo mana ita ce: in an koma gida, wa zai maido mana makiyaya da mashayar dabbobinmu? Shin kotu tana sauraron talaka?

Tana saurare. Ga misali daga ƙasar Kenya. A 2009 gwamnati ta ba mutanen Ogiek wa'adin su tashi daga dajin Mau, inda kakanninsu suka zauna suna farauta da cirar zuma. Ba su ɗauki makami ba, ƙara suka kai. A 2012 maganar ta isa Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam da ke Arusha, a Tanzaniya. Ranar 26 ga Mayu 2017 kotu ta ce su 'yan asalin dajin ne, an kuma tauye musu haƙƙi. A 2022 ta umarci a biya su diyya, a ba su takardar mallakar ƙasarsu. Duk da haka, a 2023 an sake rushe gidajen wasunsu. Cin shari'a daban, aiwatar da hukunci daban.

Mu ma muna da madogara. Afirka ta Tsakiya ce ƙasar Afirka ta farko da ta amince da Yarjejeniya ta 169 kan 'yan asalin ƙasa, a 2010. Tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya yi alkawarin kare su, ƙungiyar MBOSCUDA kuma tana tsaya wa Mbororo tun 1992.

Sai dai alƙali da shaida yake aiki. Don haka ku adana katin gudun hijira, da rasidin harajin shanu, da takardar rigakafin dabbobi. Ku zauna da dattawa a rubuta sunayen rugage, da burtali, da inda aka binne iyaye, tun masu sanin suna raye. Duk yaron da aka haifa a nan, a yi masa takardar haihuwa da wuri. In lokaci ya wuce, sai an bi ta kotu.

Kuma ku tafi tare, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ogiek a matsayin al'umma suka yi ƙara.

Mai tambaya ya zo ofishin kariya, za mu fassara masa. Ba a biyan ko dala.

Allah ya maida kowa gida lafiya.