Zangon Ƙirƙira Tsakanin Kalgo Da Gwandu: Kada Mu Fara Da Gini

 

Maganar da zan yi yau a kan abin da zan kira zangon ƙirƙira ne. Kun san zango: wurin da fatake ke sauka, mai kaya ya haɗu da mai saye, dillali ya shiga tsakani. To shi ma wannan haka yake, sai dai hajar da ake saukewa a cikinsa ilimi ne. Fili ne da ake keɓewa a jikin jami'a, inda malami mai bincike, da ɗalibi mai dabara, da maƙeri, da mai jari za su zauna kusa da juna, har abin da aka gano a ɗakin gwaji ya zama kamfani mai ɗaukar ma'aikata.

Shin muna da abin da za mu fara da shi? Muna da shi. A shekarar 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, a Kalgo ta fara zama, mazauninta na dindindin kuma yana Unguwar Jeji, kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Ga jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero tun 2006. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Murhu ne mai duwatsu uku, tukunya kawai ba a ɗora ba.

Kada wani ya ce abin na Turawa ne, mu manoma ina ruwanmu. Jihar Arewacin Karolina ta Amurka da taba da masaƙu da aikin katako ta dogara, 'ya'yanta kuma suna gama karatu suna guduwa. A 1959 suka keɓe fili tsakanin jami'o'insu uku. Shekarun farko abin ya yi ta jan ƙafa, sai a 1965 kamfanin IBM ya sauka, sannan sauran suka biyo baya. Shekara shida ke nan, jama'a. Ya wuce zangon mulkin gwamna guda. Wannan shi ne darasin farko.

Tsorona guda ne. Mu a ƙasar nan da an ce cibiya, sai tunaninmu ya tafi ga kwangila: a yi gini, a shafa fenti, a jera kwamfutoci, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto. Bayan shekara biyu ka je ka tarar da ƙadangaru. Don haka ina kira da a fara da abubuwa huɗu kafin a aza tubali ko ɗaya.

Na ɗaya, a fara da matsala. Manomin albasa a Gwandu da Aliero ya san ciwonsa. Lokacin kaka albasa ta cika kasuwa, farashi ya faɗi. In ya ajiye a rudu don jiran tsada, zafi da laima su cinye masa kaso mai yawa. In ya sayar, ya sayar da asara. To wace irin ma'ajiya ce iska za ta ratsa ta, mai araha, wadda kafinta da mai walda na Gwandu za su iya ƙerawa? Wace na'ura ce za ta busar da albasa da hasken rana a mai da ita gari? Ga kuma shinkafa. A nan jihar aka ƙaddamar da shirin lamunin manoma na Babban Banki a Nuwamban 2015, ga masana'antar Labana a Birnin Kebbi, ga ta WACOT a Argungu. Ɓuntun da ke taruwa tsibi-tsibi ana iya matse shi ya zama makamashin girki, a rage saran itace. Waɗannan su ne tambayoyin da ya kamata ɗalibi ya yi aikin kammala karatunsa a kansu.

Na biyu, fili da takarda. Dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna a matsayin amana. Jami'ar Kalgo kuwa ta tarayya ce. In ba a zauna an rubuta wa ke da fili, wa ke karɓar haya, shekara nawa kamfani zai zauna ba, mai kuɗi ba zai zo ba. Kuma duk manomin da za a taɓa gonarsa a biya shi diyya kafin a kafa turke.

Na uku, wuta da intanet. Injin walda ba ya jiran sai an kawo wuta. A girka wa zangon lantarkinsa na hasken rana tun ranar farko. Rana dai ba ta taɓa yi mana rowa ba.

Na huɗu, doka. Majalisar dokokin jiha ta kafa hukumar amintattu: jami'o'in, da masarautar Gwandu, da ƙungiyar manoman albasa, da 'yan kasuwa, da mata masu turara shinkafa. A fayyace rabon riba idan ɗalibi da malaminsa suka ƙirƙiro abu, don kada babba ya danne ƙarami. Da wannan takarda a hannu za a iya tunkarar asusun TETFund, a kuma ci moriyar dokar kamfanoni masu tasowa da aka sa wa hannu a 2022.

Ina Gwandu ta shigo? Kalgo ɗakin gwaji, Gwandu gonar gwaji. Duk na'urar da ba ta yi kaka guda a hannun manomi ba, ba a gama ƙera ta ba. Kuma garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa yana rubutu ba baƙon ilimi ba ne.

Roƙona gare ku: duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, ɗan kowace jam'iyya ne, kada ku tambaye shi bene hawa nawa zai gina. Ku tambaye shi buhun albasa nawa zai daina ruɓewa, kuma yaro nawa da ya gama Kalgo zai samu abin yi ba tare da ya tafi Abuja ko Legas ba.